Ɗana ya taso a gaban kyamara, yanzu ya zama saurayi, meye hukunci?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗana ya fara wasan kwaikwayo yana ɗan shekara 8 a walimar Islamiyya, wani darakta ya gan shi ya fara sa shi a fim. Yanzu shekararsa 16, har muryarsa ta buɗe, yana wasan dandamali a makaranta, kuma an ba shi rol a wani shiri mai dogon zango na talbijin. Kuɗin duk babansa ke karɓa, wai hadisi ne. Malam sana'ar nan halal ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, shi wasan a kan kansa hukuncinsa na bin abin da ke cikinsa ne, wannan ba sai na ja ba. Inda na tsaya a saƙonki shi ne da kika ce muryarsa ta buɗe. Buɗewar murya kaɗai ba hujja ba ce a wajen mafi yawan malamai, amma tana nuna lokaci ya yi da babansa zai zauna da shi ya tambaye shi. In ya fara mafarki to ya balaga, alƙalami ya hau kansa. Shekara 18 da ake ji a mazhabar Malikiyya ta wanda babu alamar da ta bayyana gare shi ce, Shafi'iyya da Hanbaliyya ma 15 suka ce.

Don haka in akwai matar da take fitowa a matsayin mamarsa a fim tun yana ƙarami, tana shafa kansa tana jan shi jikinta, yanzu ba muharramarsa ba ce ko da duk garin nan suna kiransa ɗanta. Ki karɓi labarin shirin ki karanta da kanki kafin a sa hannu, don yaro in ya kai wannan shekarun rol ɗin soyayya ake fara tura masa, kuma ki tambaya a ina suke kwana in an tafi lokeshan, wa yake tare da shi, wa yake tashinsa asuba.

Sai maganar kuɗi, wadda kika faɗa kamar a wuce, ni kuwa ta dame ni. Hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne" yana nan, Ibn Majah ya ruwaito shi daga Jabir. Amma mafi yawan malamai, har da Imamu Malik, sun ɗauke shi a kan uba mabuƙaci ya ci gwargwadon buƙata, ba mallaka ba. In da dukiyar ɗa ta uba ce, me ya sa a Suratun Nisa'i aka yanka wa uba sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, in ɗansa ya rasu ya bar ɗa namiji? Ana ba mutum gado a cikin kayansa ne? Kuma zakkar dukiyar nan ai a kan dukiyar yaron take, ba ta uban ba. Hanbaliyya da suka faɗaɗa ma sun sa sharaɗin kada a cutar da ɗan, kada a ɗauka a ba wani ɗan. Shekara takwas yaro yana shan rana a wajen ɗauka, ana fitar da shi daga aji, a ce ko asusu ba shi da shi, wallahi wannan ba daidai ba ne.

Kada ki tunkari maigidan da faɗa. Ki samu wani babba da yake jin nauyinsa, a buɗe wa yaron asusu, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe masa. Kuma a shekarar da zai zana WAEC a rage masa fita aiki. Allah ne mafi sani.