Tambaya da Amsa: Yaya gashin gemu ke cinye bakin reza?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ina aski da reza irin wadda ake cire kanta a sauya. Ranar farko sai ka ji kamar ba a taɓa fuskarka ba, amma kafin a daɗe ta soma jan gashi tana tsunkula. Ƙarfe ne fa, gashi kuwa ko da yatsa ana lanƙwasa shi. Ta yaya gashi zai dakusar da ƙarfe? Ko dai kamfanonin ne ke yin haka da gangan don mu riƙa saye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zargin naka bai faɗi ƙasa banza ba, don tun ran gini aka yi zane. King Camp Gillette, Ba'amurken da sunansa ke jikin da yawa daga cikin rezojin nan, abin da ya nema tun farko shi ne ƙarfen aski da mutum zai yi amfani da shi ya yar, ya dawo ya sayi wani. Masana ƙarfe na zamaninsa sun ce masa ba zai yiwu a taurara ƙarfe mai sirantar takarda har a wasa shi ba. Wani injiniya, William Nickerson, shi ya ƙera injinan da suka yi aikin, kamfanin ya kafu a birnin Boston a 1901. A 1903 mariƙi 51 da reza 168 kacal suka sayar. Har gobe ribar tana kan abin da ake sauyawa ne, mariƙin kuwa tarko ne. Amma dakushewar da kake ji ba sai an haɗa baki an shirya ta ba. Tana cikin yanayin abin, kuma idan ka san yadda ake ƙera shi, mamakinka zai koma kan yadda yake kai mako guda ma.

Ba ɗaya-ɗaya ake ƙera reza ba. Ƙarfen yana isowa masana'anta a naɗe, doguwar tsiriya wadda kaurinta ke kusan milimita 0.1, na wasu kawunan zamani ma bai kai haka ba. Ƙarfe ne mara tsatsa, da kuromiyam kimanin kashi 13 cikin 100 a jikinsa, da kabon kashi 0.6 zuwa 0.7. Kuromiyam ɗin ke hana tsatsa, kabon ɗin ke ba da tauri. Za ka ce to a ƙara kabon mana ya ƙara tauri. Nan gizo ke saƙar. Idan kabon ya yi yawa sai ya haɗu da kuromiyam su dunƙule su zama manyan tsakuwoyi masu tauri a cikin ƙarfen, kuma tsakuwar da ta fi bakin reza kauri ba ta da wurin zama a bakin. Ana wasawa take fita ta bar giɓi. Shi ya sa masu iya narka wannan ƙarfe yadda tsakuwoyin za su fito ƙanana, a warwatse daidai, ba su da yawa a duniya. Cikin waɗanda aka sani akwai Alleima na ƙasar Suwidin, wanda a da sashe ne na Sandvik, da ƙarfensu mai suna 13C26, da Proterial na Japan, wanda a da ake kira Hitachi Metals.

Tsiriyar tana zuwa da laushi. Sai a huda mata ramukan da inji zai riƙa kama ta, a zura ta cikin dogon tanderu mai zafin kusan digiri 1,100 a ma'aunin salshiyas, tana fitowa a sanyaya ta nan take. Dabarar maƙeri ce da ke tsoma jan ƙarfe a ruwa, sai dai a nan ba a tsayawa a sanyin ruwa: ana wucewa da ita cikin sanyin da ya kai digiri 60 zuwa 80 ƙasa da sifiri, don sauran ɓangaren da bai taurara ba shi ma ya taurara. A wannan matakin ƙarfen ya yi tauri amma ya yi gautsi, da ka lanƙwasa shi zai karye. Don haka a sake ɗumama shi da zafi kaɗan, a rage masa taurin a saya masa juriya. Duk aikin reza ciniki ne irin wannan, ba a samun abu sai an saki wani.

Wasawa ita ce asirin da kowane kamfani ke ɓoyewa. Tsiriyar tana gudu tsakanin duwatsun wasa masu juyawa, na farko mai kaushi ya fitar da siffar baki, na gaba mai laushi ya gyara, daga ƙarshe a goge da fata ko abin da ya yi kama da ita don a cire 'yar ƙayar ƙarfen da wasa ke bari. Bakin da ke fitowa ba tsini ɗaya miƙaƙƙe ba ne. Hawa-hawa ne, can baya siriri don ya ratsa gashi ba tare da turjiya ba, daf da tsinin kuma ya ɗan buɗe don ya samu abin jingina. Shi tsinin kansa ana auna shi da nanomita 'yan gomomi. Silin gemu guda yana kusan milimita 0.1, wato nanomita 100,000. Ka ga ke nan abin da ke karo da gashinka ba "ƙarfe" ba ne yadda kake hango shi a zuci. Wani ɗan gefe ne da gashin ya fi shi kauri sau dubbai.

Bakin da aka wasa tsirara ba ya aski mai daɗi, komai kaifinsa. Sai a jera rezojin a matse, baki duk yana kallon waje ɗaya, a sa su cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, a fesa wa bakin wani siririn rufi mai tauri: kuromiyam, ko kuromiyam da filatinam, ko wani nau'in kabon mai taurin da ya kusa na lu'ulu'u, wanda kamfanin Gillette ya sa a rezarsa mai suna Mach3 a 1998. A kan wannan kuma a fesa Teflon, abin nan da ke hana abu kamawa a jikin kasko, a gasa shi a zafin kusan digiri 350 har ya narke ya manne. A ganina wannan rufi na ƙarshe shi ne rabin labarin da mutane ba su sani ba. Gashi idan reza ta shiga shi yakan matse gefenta, kuma santsin Teflon ne ke sa ta wuce ba tare da ta ja saiwar ba. Kamfanin Wilkinson Sword na Ingila da ya fito da reza mara tsatsa mai wannan rufi a 1962 sai da ya girgiza kasuwa, don kafin nan reza ta baƙin ƙarfe ce, ana aski ɗaya ko biyu ta soma tsatsa. Yawancin abin da kake kira dakushewa a kwanakin farko, rufin nan ne ya soma gogewa, ƙarfen yana nan da sauran kaifinsa.

Sauran labarin kuma wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka, Gianluca Roscioli da Cem Tasan da abokiyar aikinsu, sun bayyana shi a mujallar Science a 2020. Sun yi ta yanka gashi a cikin na'urar hangen ƙananan abubuwa suna kallo. Abin da aka zata shi ne bakin yana sudewa a hankali ya zama dunƙule. Abin da suka gani ya bambanta: ɓalgacewa yake yi, wuri-wuri, ko da yake ƙarfen ya fi gashi tauri kusan sau 50. Idan reza ta sauka a kan gashi a miƙe, ba ta ɓalgacewa. Amma gashi ba ya tsayawa. Yana kwantawa gefe, sai ya murɗa bakin maimakon ya danne shi. Ƙarfen kuma ba ɗaya yake ba a ko'ina, wani wurin tauri wani wurin laushi. Idan murɗar ta faɗa daidai mahaɗar tauri da laushi, sai 'yar tsaga ta buɗe, gashi na gaba ya ƙara ta, har gutsure ya fita.

Kana iya ganin wannan da idonka. Ɗauki tsohon kai da sabo, ka tsaya inda haske ke da ƙarfi, ka riƙa karkata su a hankali kana kallon bakin ta madubin ƙara girma. Bakin sabuwa ba ya mayar da haske, layi ne baƙi siriri, don babu faɗin da haske zai sauka a kai. Na tsohuwar za ka ga ɗigo-ɗigo suna ƙyalli a jere. Kowane ɗigo giɓi ne ko wurin da bakin ya kwanta, kuma su ne ke tsunkular ka.

Abin da ke hannunka shi ne ka rage wa bakin wahala. Gashin da ya sha ruwan ɗumi na minti biyu ko uku yana yankuwa da sauƙi ƙwarai fiye da busasshe, saboda haka kada ka shafa kumfa ka hau aski nan take. Kada ka danna. Ka wanke kan da ruwa mai gudu, ban da buga shi a bakin kwano ko goge shi da tawul, ka yarfe ruwan ka ajiye shi inda zai bushe, don "mara tsatsa" ba ya nufin ruwa da gishirin da ke cikinsa ba sa cin ɗan tsinin nan idan suka kwana a kai.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na bar reza mai baki biyu na koma mai baki biyar don an ce ta fi, amma tun daga nan ƙuraje suka cika mini wuya da ƙasan haɓa. Rezar ce ko fatata?

Amsa: Barka kadai. Duka biyun ne, amma rezar ta fi laifi, kuma laifin nata shi ne ta yi aikin da aka ƙera ta ta yi.

Baki biyu ya fara ne da Trac II na Gillette a 1971. Hujjar da aka kafa shi a kai ita ce, bakin farko idan ya kama gashi yakan ɗan jawo shi daga raminsa kafin ya yanke, kafin gashin ya koma ciki kuma baki na biyu ya riske shi ya sake yankewa ƙasa da wancan. Gashin da ya saura sai ya nutse ƙasa da fata, fuska ta yi sumul. Daga nan aka shiga tsere: kai mai juyawa a 1977, bakuna masu zama kan sifirin a 1990, baki uku a 1998 bayan an kashe fiye da dala miliyan 750 wajen ƙirƙira, kamfanin Schick ya fito da huɗu a 2003, Gillette ya mayar da martani da biyar. A irin waɗannan kawunan kowane baki siriri ne sosai, an lanƙwasa shi ko an manna shi da leza a kan ɗan ƙarfen da ke tallafe shi, a gaba akwai roba mai tsaga-tsaga da ke miƙar da fata, a baya akwai tsiri mai sakin santsi idan ya jiƙe. Ba na raina aikin. Bakuna da yawa a matse suna raba nauyin hannu, fata ba ta kumburowa tsakaninsu, yankan fuska yana raguwa.

Sai dai duk wannan an gina shi a kan gashin da zai sake fitowa a miƙe. Gashi mai murɗe, irin na yawancinmu baƙar fata, idan aka yanke shi ƙasa da fata ya bar tsini, ba lallai ya bi ramin ya fito ba. Yakan soki bangon ramin daga ciki, ko ya fito ya lanƙwaso ya sake shiga fata. Jiki sai ya ɗauke shi tamkar ƙaya, wurin ya kumbura, ya yi ja ko baƙi. Ja ɗaya da kai mai baki biyar yankan biyar ne a wuri guda, kai kuma na tabbata ba sau ɗaya kake bi ba.

Shawarata, ka dakata da aski har ƙurajen su kwanta. Idan za ka koma, ka koma baki ɗaya, ko biyu idan ya zama dole, ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka tayar masa, kada kuma ka ja fatar da ɗaya hannun. A wuya gashi ba ya kwanciya waje ɗaya, sai ka shafa ka ji kafin ka sa reza. Idan duk da haka bai bari ba, injin aski da ke barin gashi kamar milimita ɗaya ya fi maka kowace reza. Ƙurajen da ke ruwa ko suke zama tabo mai tudu kuwa na likitan fata ne, kada ka tsaya gwaje-gwaje. Kuma kada ka yi aron reza ko ka ba da aro. Ciwon hanta na bin jini, ko da ɗigon da ido bai gani ba.

Tambaya: Malam, na ji an ce idan ka goga kan reza a jikin wandon jins baya-baya sai kaifinta ya dawo. Gaskiya ne?

Amsa: Da 'yar gaskiya a ciki, ba yawa. Gogawar tana share busasshen sabulu da dattin da ya manne, tana kuma iya ɗan tayar da bakin da ya kwanta, shi ya sa wasu ke jin bambanci. Amma aska ta gaske ana goge ta gefe biyu, kan reza kuwa gefe ɗaya kawai yadin ke taɓawa, ɗayan yana ɓoye cikin roba. Giɓin da ya riga ya fita ba ya cikewa, Teflon ɗin da ya goge ba ya dawowa, hasali ma yadin na ƙara cin wanda ya rage. Idan za ka yi, ka tura ta ta inda ba ta yanka, da hannu sakwa-sakwa. Za ka iya samun ƙarin aski kaɗan. Ranar da ka ji sai ka danna kafin ta ɗauke gashi, ka cire kan ka sa wani.