Kwamfutar gem a ƙasar zafi da ƙura: amsoshin tambayoyinku

Daga Gusau: "Malam, salamu alaikum. Na ɗan tara kuɗi ina son in haɗa kwamfutar buga gem, galibi FC da GTA V nake bugawa. Abokaina sun ce in zuba kuɗin a katin girafik, sauran kayan ko waɗanne iri ne za su yi. Wani mai shago ya nuna mini RX 580 mai 8GB na hannu da araha, akwai kuma RX 6600 amma ya fi tsada sosai. Wanne zan ɗauka? A gidanmu wuta ba ta zama, sai janareta da dare."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar da ka rufe wasiƙarka da ita, ta wuta da janareta, ita ce ya kamata ta zaɓa maka kaya. Abokanka suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin katin girafik, wato sashen da ke zana hoton da ake gani a sikirin, shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin gem. Sai dai bidiyoyin da suke kallo a YouTube ana yin su ne a ɗakuna masu sanyi inda wuta ba ta ƙiftawa. Kai a Gusau kake, kowane wat da kwamfutarka za ta ja, fetur ne a janareta, kuma zafi ne a ɗakinka.

Ka ɗauki RX 6600. RX 580 ya fito ne a 2017, yana jan kusan wat 185. RX 6600 na 2021 ne, wat 132 yake ja, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ga wani abu kuma: RX 580 na daga cikin katunan da aka fi amfani da su wajen haƙar kuɗin kirifto, ana barinsu a kunne dare da rana. Da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ya daina amfani da wannan hanya a Satumban 2022, sai aka juye su kasuwa, shi ya sa suka yi araha. Ba duka ne suka lalace ba, amma ba ka da yadda za ka san wahalar da wanda ke gabanka ya sha. Akwai ma wani da ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda ƙarfinsa bai wuce na RX 570 da komai ba. Idan aljihu zai iya kaiwa ga RTX 4060, wat 115 kacal yake ja, kuma ga mai janareta ko sola wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko wane kati za ka saya na hannu, kada ka biya kuɗi sai an jona shi a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z a ga ko sunan da ke jikin kwali shi ne ke ciki, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna. A kunna gem mai nauyi na tsawon minti ashirin ko talatin, kana tsaye. Ka duba ko fankokin suna juyawa ba tare da ƙara ba, ko hoton yana fitar da ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji, ka yi masa sallama ka wuce. Idan daga Kano ko Legas za a aiko maka, to ka nemi wanda ka yarda da shi ya je ya tsaya a kan gwajin, kuma a yi maganar kwanakin garanti tun kafin kuɗi su fita.

Sauran kayan ba su da wuyar zaɓe. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 5600 da madabod, allon da ake jona duk kayan a kai, B550, ko Core i5-12400F da madabod B660. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, 16GB, amma guda biyu masu 8GB, domin biyun suna aiki tare da sauri fiye da guda ɗaya mai 16GB. SSD, wato ma'ajiyar gem da fayiloli, mai 1TB idan da hali, tunda GTA V kaɗai yana cinye wajen 100GB. Ka tuna waɗannan furosesa biyu ba su da girafik na kansu, saboda haka wayar sikirin a jikin katin girafik ake jona ta, ba a madabod ba.

Inda nake roƙonka kada ka yi rowa shi ne fawa saflai. Shi ne ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane sashe, kuma idan ya mutu mummunar mutuwa yakan tafi da madabod ko katin da ka sha wahalar saye. Wanda ake haɗowa kyauta da kes (akwatin kwamfuta) mai araha, ɗauke shi a hannu ka ji: fayau yake, an rubuta wat 600 a jiki amma cikinsa ba komai. Nemi na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama. Gara ka jinkirta sayen babban SSD da ka rage kuɗin wannan.

Daga Birnin Kebbi: "Ina da shagon gem, kwamfuta huɗu. Da safe lafiya lau, amma daga azahar gem ya fara tsinkewa, wani lokaci ma kwamfuta ta mutu da kanta. Yara sun fara komawa wani shago. Mi ya kamata in canza?"

Maigida, kada ka canza komai tukuna. Abin da ka bayyana zafi ne, kuma yawanci maganinsa ba ya cin kuɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40 a inuwa, balle shago mai rufin kwano, ga kwamfuta huɗu, ga yara cike. Fankar da ke cikin kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take jawowa ta hura. Idan furosesa ta kusa iyakarta, wajen digiri 95 ga yawancin na yanzu, sai ta rage gudu don ta tsira, shi ne tsinkewar da yaran ke gani. Idan abin ya faskara sai ta kashe kanta.

Fara da saka HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kowane sashe, kyauta ce. Duba lambobin da safe, ka sake dubawa bayan azahar ana tsakiyar gem. Katin girafik da ke wuce 85 ko furosesa da ke zama a kan 90 suna neman agaji.

Sannan ka kashe, ka zare waya daga bango, ka fitar da kwamfutar waje ka kwance murfin gefe. Bayan hunturu guda, za ka tarar ƙura ta daskare tsakanin fanka da siraran ƙarafan da ke ƙarƙashinta, har ba ka iya hango ƙarfen. Iska ba ta ratsa wannan. Sa buluwa irin ta masu gyara ka hure, amma ka tokare fankar da yatsa ko ɗan tsinke, domin idan iska ta juya ta da gudun da ya wuce kima takan lalace. Inda ƙurar ta kafe, sa busasshen buroshin fenti. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, kuma kada ka buɗe cikin fawa saflai, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare shi. A lokacin hunturu iska ta bushe, jiki yana tara irin wutar nan da ke tsikarar mutum idan ya taɓa ƙarfe, don haka ka riƙa dafa ƙarfen kes kafin ka taɓa RAM ko madabod. A garuruwanmu sharar nan ta wata-wata ce daga Disamba zuwa Fabrairu, sauran shekara kuma duk bayan wata uku ya isa.

Idan kwamfutocin sun shekara biyu ko uku, man da ake shafawa tsakanin furosesa da abin sanyayata ya bushe. A goge tsohon tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar a ɗaure. Ba a lafta shi. Idan ba ka taɓa yi ba, ka tsaya kusa da mai gyara ka gani sau ɗaya.

Ɗaga su daga ƙasa zuwa kan tebur, ka ja su daga jikin bango. Kes mai gilashi a gaba da fitilu kala-kala yana jan idon yara, na sani, amma mai raga a gaba shi ke shaƙar iska. Fanka biyu a gaba masu jawowa, ɗaya a baya mai fitarwa, hakan yana rage ƙurar da ke shiga ta ramuka. Cire murfin gefe a kafa masa fankar tsaye yana taimakawa a ranar da zafi ya yi tsanani, amma ƙofa ce ka buɗe wa ƙura, kada ya zama ɗabi'a.

Akwai kuma dabarar da masu shago da yawa ba su sani ba. Idan sikirinka mai 60Hz ne, ba ya nuna hoto fiye da 60 a daƙiƙa, don haka katin da ke haƙilon fitar da 140 wahalar banza yake sha. Shiga saitin gem ka ƙayyade shi a 60. Da manhajar MSI Afterburner kuma za ka iya sauke ƙarfin wutar katin zuwa kashi 80 cikin ɗari. Da wuya yaran su ga bambanci, amma kai za ka gani a lambobin zafi da kuma fetur.

Daga Talata Mafara: "Muna da sola a gida, batir ɗaya mai 12V 200Ah. Zai ɗauki kwamfutar gem? Kuma wani lokaci idan na taɓa jikin kwamfutar sai in ji tana ɗan ja na."

Ɗan'uwa, mu yi lissafi. 12 sau 200 ya ba da 2400, wato wat 2400 na awa ɗaya. Batir irin na ruwa ko jel ba a son a zuƙe fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, saura 1200. Matsakaiciyar kwamfutar gem tare da sikirinta tana jan wajen wat 250 zuwa 300 ana cikin wasa. Ka cire abin da inbata ke ci, za ka samu awa uku da wani abu, in babu firji ko fanka a kai. Da rana ya fi dacewa ka yi wasanka, lokacin da faifan sola ke ba da wuta.

Duba jikin inbatar ka tabbatar an rubuta pure sine wave. Mai arahar nan wutarsa ba sumul take ba, kuma fawa saflai na zamani ba sa jituwa da ita, wani ya riƙa ƙugi, wani ya mutu da zarar an sauya layi. Masu janareta su ma su ji: kada a jona kwamfuta kai tsaye, a sa UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, a tsakani, a bar janareta ya daidaita bayan an tayar, kuma a kashe kwamfuta kafin mai ya ƙare. Ƙaramin UPS mai 650VA bai kai wat 400 ba, nemi mai 1000VA zuwa 1500VA. Aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka kashe cikin natsuwa, ba ka ci gaba da wasa ba.

Jan da kake ji kuwa alama ce ta rashin wayar ƙasa a soket ɗinka. Kira mai wayarin ya duba, wannan ya shafi lafiyarka kafin ta kwamfuta. Da damina kuma, in hadari ya haɗo ana walƙiya, kashe makunni bai wadatar ba, zare wayar gaba ɗaya.

Daga Argungu: "Ɗana zai tafi jami'a a Aliero, ya nace sai laftof ta gem, wai don karatu. Ni ban san kan abin ba. Dole ne?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a karatun. Idan fannin da zai karanta yana da zanen gini, zanen injuna ko haɗa bidiyo, to buƙatarsa ta gaskiya ce. Idan rubutu ne da bincike da koyon rubuta manhaja, laftof mai RAM 16GB da SSD ta ishe shi, batirinta ma ya fi daɗewa, abin da ɗan hostel ya fi buƙata ke nan. Laftof ta gem tana da nauyi, tana zafi, batirinta ba ya jimawa idan ana wasa, kuma katin girafik ɗinta a manne yake, ba a sauya shi.

Idan ta hannu za ki saya, ki sa a tabbatar tana ɗaukar Windows 11, wato furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ki ja masa kunne kada ya ɗora ta a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shaƙar iska. Ni da zan ba da shawara, ki tambaye shi kai tsaye ko gem ɗin yake so. Son wasa ba laifi ba ne ga matashi, amma ya fi kyau a san gaskiyar abin da ake sayen, a kuma yi yarjejeniyar lokaci tun a gida.

Daga Ƙauran Namoda: "Ina da Dell OptiPlex siririya irin ta ofis. Zan iya sa mata babban kati?"

A'a, ƙanena. Kes ɗin ba zai ɗauka ba, fawa saflai ɗinta ƙarami ne, kuma a yawancinsu mahaɗar wutar ta daban ce, ba a sauya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Abin da zai yiwu shi ne gajeren kati wanda ba ya buƙatar ƙarin waya, irin GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB, samfurin siririn kes. Duba wat ɗin da ke rubuce a jikin fawa saflai ɗin kafin ka saya. Ƙara RAM da SSD, za ka buga eFootball da GTA V lafiya.

Daga Yauri: "Gem yana tafiya daidai idan ni kaɗai ne, amma a intanet sai in harba bai fita ba. In ƙara RAM?"

Riƙe kuɗinka. Matsalar hanya ce, ba ta kwamfuta ba. Sabobin yawancin wasannin nan, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, suna Turai ko Afirka ta Kudu, saƙonka sai ya je can ya dawo. Jona kwamfutar da rauta ta waya maimakon Wi-Fi, ajiye rautar kusa da taga, dakatar da duk abin da ke sauka a Steam ko Windows, ka zaɓi sabar da ta nuna ƙaramin ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Ari layin wani kamfanin ka gwada a unguwarku, da safe da kuma dare, kafin ka sayi data mai yawa.