Laravel ta ce ba ta san createToken ba, ina mafita?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon Laravel, wato tsarin gina manhajojin yanar gizo da yaren PHP, ta wani bidiyo a YouTube. Na kwafi komai layi bayan layi, amma da na gwada shiga manhajar sai ta watso mini jan rubutu: `Call to undefined method App\Models\User::createToken()`. A wurin mai bidiyon kuwa lafiya lau ta yi aiki. Kwana biyu ke nan ina fama, har na fara zargin kwamfutata. (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Ɗan'uwa, ƙyale kwamfutarka, ba ta da laifi. Duba ranar da aka ɗora bidiyon. Ina kyautata zaton ya girmi Laravel 11, wadda ta fito a watan Maris na 2024. Kafin ita, sabon aiki yakan zo da Sanctum a haɗe, wato ƙunshin da ke ba masu shiga manhaja token, lambar shaidar shiga, an kuma riga an saka wani ɓangarensa mai suna `HasApiTokens` a cikin `User`. Daga 11 aka cire, sai mai buƙata ya saka da hannunsa. Shi kuwa `createToken` a cikin wannan `HasApiTokens` yake zaune.

Abin da ke faruwa shi ne, idan ka kira sunan da model (class ɗin da ke wakiltar tebur a rumbun bayanai, irin `User`) bai sani ba, ba ya yin ƙorafi nan take. Yakan miƙa kiran ga sashen da ke haɗa tambayoyin rumbun bayanai, ko shi ya sani. Sai can ma an rasa, sannan kuskuren ya fito.

Gyaran ba wuya. Buga `php artisan install:api`, idan ta tambaye ka batun migrate, wato ƙirƙirar tebura a rumbun bayanai, ka amince mata, don teburin `personal_access_tokens` ya samu. Sannan buɗe `app/Models/User.php`, ka sa `use Laravel\Sanctum\HasApiTokens;` a sama, ka kuma sa `use HasApiTokens;` a cikin class ɗin kansa. Na biyun nan ne ake yawan mantawa. Ni ma na taɓa ɓata yini guda a kansa, ga layin sama yana nan ras, ina ta zagin Composer, manhajar da ke saka ƙunshin PHP, a banza.

Kafin ka koma gwaji, shiga `php artisan tinker`, wurin gwada layukan PHP kai tsaye, ka rubuta `method_exists(App\Models\User::class, 'createToken')`. In ta ce `true`, an gama.

Wata rana za ka ga irinsa a kan `factory()`. Ciwon ɗaya ne, `HasFactory` ne babu a model ɗin.