Tambaya da Amsa: Idan Mai Ɗaukar Sauti Zai Zo Har Makaranta

Yawancin wasiƙun wannan fitowa sun shafi masu ɗaukar sauti na tafi-da-gidanka, waɗanda ke ɗauko kayan aikinsu su zo har makaranta ko wurin taro. Ga biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Muna da ɗalibai kusan 40 masu rera waƙoƙin makaranta da ƙasidu. Kai su situdiyo ya gagara, ɗakin ba zai ɗauke su ba, ga kuɗin mota. Idan muka kira mai ɗauka ya zo nan, me za mu tanada? Kuma aikin zai yi kyau?
*Shugabar wata makaranta, Gusau*

Wa alaikumus salam, Malama. Zai yi kyau, kuma ga yara masu yawa haka kiran nasa ya fi kai su. Sai dai ki sani, makirifo da rikoda kawai zai kawo. Ɗaki da shiru ku za ku tanada, kuma su biyun nan sun fi tsadar na'urarsa tasiri a kan abin da za a ji.

Ki fara da zaɓen ɗaki. Ki shiga kowane aji lokacin da babu kowa, ki tsaya a tsakiya ki tafa hannu sau ɗaya. Idan kika ji ƙarar ta ci gaba da yawo tana kaɗawa, wannan ɗakin zai cuɗe kalmomin yara har a kasa gane baiti. Daɓen siminti, bango tsirara da tagogin gilashi ne ke jawo haka. Maganinsa yana nan cikin makarantar: a shimfiɗa darduma ko tabarmi a gaban yaran, a rataya barguna masu kauri a bangon da suke fuskanta, a jingina katifu biyu ko uku a kusurwa idan akwai. Ɗakin karatu mai kantocin littattafai yakan fi kowane aji daɗin sauti. Kada a wahalar da yara da manna kiret ɗin ƙwai a bango, ba ya tare hayaniyar waje ko kaɗan.

Sai lokaci. Asabar ko Lahadi da sassafe ta fi, kafin babura da adaidaita-sahu su cika titi, kafin kuma rana ta gasa rufin kwano ya fara ƙas-ƙas. Da damina a duba sama tukuna, domin ruwa a kan kwano ba ya fita daga faifai. A kashe fankoki duka yayin ɗauka, a kunna su a lokacin hutu. A lura da lokacin kiran salla na masallatan unguwa, a tsara aikin tsakaninsu. Idan dole sai an tayar da janareta, a kai shi bayan wani gini, nesa da kamar mita 30, a jawo wuta da waya mai kauri. A fili, duk sanda aka ninka tazara ƙara takan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), don haka kowane ƙarin taku yana da amfani. Mafi alheri dai mai ɗaukar ya yi aiki da batir.

Ga abin da ya kamata ki ga ya yi. Zai jera yaran sahu uku, na baya a kan dakali ko benci mai ƙarfi don kada kan na gaba ya tare bakinsu. Zai kafa makirifo biyu irin na kwandensa, masu jin ko ƙaramin sauti, a kan doguwar sanda ɗaya, mita biyu zuwa uku daga sahun farko, a sama da kawunansu, suna kallon sahun baya. Sanannen tsari shi ne a raba kawunan makirifon da santimita 17, a buɗe su kusurwar digiri 110, tsarin da gidan rediyon Faransa ya fito da shi. Ɗaga su sama shi ke sa sahun gaba bai danne na baya ba. Mai ba da waƙa ita kaɗai za a ba makirifo nata, tazarar taƙi ɗaya daga baki. Idan kika ga ya jera makirifo goma a gaban yara 40, ki tambaye shi dalili, domin abin da zai fito shi ne muryoyin yara goma mafi kusa, ba muryar aji ba.

A gama bita tun kafin ranar. Ki ba shi awa ɗaya ya kafa kaya kafin a shigo da yara, a ɗauki kowace waƙa sau uku, a huta bayan minti 40 a ba su ruwa. Bayan baitin ƙarshe kowa ya tsaya cak na daƙiƙa biyar. Tari da dariyar da ke biyo bayan kalmar ƙarshe sun lalata ɗauka masu kyau da yawa.

Bara mun yi walimar saukar Alƙur'ani, aka ɗauka, amma karatun ya fito da gurnani a ƙasansa, ga amsa-kuwwa har harafi ba ya fita. Bana me za mu gyara?
*Sakataren wata Islamiyya, Maraɗi*

Malam, matsala biyu ce, kuma kowacce da tushenta.

Amsa-kuwwar daga ɗayan wuri biyu ta zo. Ko dai an ajiye rikoda a gaban lasifika, ko kuma an jawo sauti daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti, bayan mai kayan sauti ya murɗa eko, wato amsa-kuwwar da na'ura ke ƙarawa. Lasifikar hon, mai siffar mazurari, an yi ta ne don murya ta kai nesa, tana zubar da kaurin murya da siririn sauti, don haka duk abin da aka ɗauka daga bakinta ya riga ya lalace. Eko kuwa yana burge masu zama a rumfa, amma a faifai yana shafe gunna da ƙalƙala, ya haɗa sin da sad, alhali iyaye tajwidin 'ya'yansu suke so su ji. Da zarar ya shiga faifai ba ya ciruwa, kamar gishirin da ya yi yawa a miya. A ɗauki karatun tsurarsa. In ana son ɗan eko, a ƙara shi daga baya a kwamfuta, inda za a iya ragewa.

Ku ce wa mai mikisa tun kwana biyu kafin taro kuna son layi daga mafitar da aka rubuta AUX, wadda eko bai bi ta kanta ba. Sautin da ke fitowa daga mikisa ya fi na makirifo ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka a saita mashigar rikoda a kan LINE, ko a danna maɓallin PAD da ke rage desibel 20. Idan ba a yi haka ba muryar za ta tsage ko da an rage ƙara. In mai mikisa bai ba da haɗin kai ba, a kafa makirifo na biyu kusa da nasa, a kai shi rikoda kai tsaye.

Gurnanin kuwa na wuta ne. Lantarkin Najeriya da Nijar yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan aka jona mikisa a wani soket, rikoda a wani, wannan kaɗawar kan biyo waya ta shiga sauti. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire rikoda daga wuta gaba ɗaya ta yi aiki da batir. A yi amfani da wayar XLR mai fil uku, kada a shimfiɗa ta jere da wayar janareta, in dole su haɗu su gitta juna. Wayoyin salula kuma su yi nesa da teburin ɗauka.

A ware layi ɗaya ga makirifon da ke kallon jama'a, don a samu kabbara da addu'ar iyaye. Kuma lallai wani ya zauna da abin sauraro a kunne daga farko har ƙarshe. Wayar da ta saki a tsakiyar taro kunne kaɗai ke kama ta.

Ina aji huɗu a sashen Hausa, aikina a kan wani makaɗin kalangu ne a ƙauyenmu. Ba ni da kuɗin ɗaukar ƙwararre. Waya za ta wadatar?
*Ɗalibi, Zariya*

Za ta wadatar wajen hira, ɗan'uwa, amma wajen kiɗa za ta ba ka wahala. Waya tana daidaita ƙarar sauti da kanta, don haka duk sanda kalangu ya buga sai ta danne komai, muryar makaɗin ta nutse, kai kuma kalmominsa kake son rubutawa. Ka tambaya a sashenku ko sashen koyon aikin jarida ko za a ara maka ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X. Dukansu da batir suke aiki: H1n da AAA, DR-05X da AA.

Ka saita ta a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, 24-bit, 48 kHz. Awa ɗaya a layi biyu tana cin kusan gigabait ɗaya, don haka katin memori mai gigabait 32 ya ishe ka. Ka kashe saitin da ke daidaita ƙara da kansa, ka roƙi makaɗan su buga wuri mafi ƙarfi a waƙar, ka murɗa har ma'aunin ƙara ya tsaya wajen -12, wato desibel 12 ƙasa da sifili. Idan ya taɓa sifili sautin ya tsage, kuma babu gyara. Ka ajiye rikodar kamu ɗaya daga bakin makaɗin, 'yan amshi a gefensa, masu kalangu su ja baya da taku uku ko huɗu. Da hunturu ka sa mata hular gashi mai tare iska, soso kaɗai ba ya isa a fili. Kada ka riƙe ta a hannu, motsin yatsa yana shiga.

Da ka danna ɗauka, ka faɗi kwanan wata, gari, sunan makaɗi da sunan waƙa, ka kuma ɗauki amincewarsa da bakinsa. A daren ka kwafe fayil ɗin wuri biyu. In ta kama dole sai waya, ka sa ta a yanayin jirgi, ka nemi manhajar da ke ɗauka a WAV.

Mu shida ne: mai fiyano, mai jita, masu ganga biyu, mawaƙi da mai amshi. Muna so a ɗauke mu muna wasa tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Me za mu nema?
*Wani mawaƙi, Jos*

Ku nemi mai ɗaukar da na'urarsa ke ajiye kowane layi daban, aƙalla takwas, irin Zoom LiveTrak L-12 ko Behringer XR18 haɗe da kwamfuta. Idan aka haɗe ku duka a layi biyu tun a wurin, ba za a iya ɗaga murya ko rage ganga daga baya ba.

Fiyano ya shiga na'ura ta waya, ta cikin akwatin DI, wato ɗan akwatin da ke daidaita sautin kayan kiɗa da mashigar na'ura, kada a ɗora makirifo a kan lasifikarsa. Ganguna a ba su makirifon dainamik, mai jure ƙara mai ƙarfi, irin Shure SM57, santimita 10 zuwa 15 daga fata, mawaƙi kuma SM58 dab da baki. Babbar damuwarku ita ce ganga ta kutsa cikin makirifon mawaƙi. Irin waɗannan makirifo ba sa ji sosai ta bayansu, saboda haka mawaƙi ya tsaya yana fuskantar masu ganga daga nesa, bayan makirifonsa na kallonsu. Akwai ƙa'idar da ake bi: tazarar da ke tsakanin makirifo biyu ta ninka sau uku tazarar kowanne da abin da yake ɗauka. A kashe lasifikar da kuke jin kanku da ita, kowa ya sa abin sauraro. Idan za a ɗauki bidiyo, wani ya tafa hannu a gaban kyamara a farkon kowace waƙa, da shi ake daidaita hoto da sauti.

Me ya kamata mu rubuta a yarjejeniya da mai ɗaukar sauti?
*Mataimakin shugaban wata sakandare, Kano*

Ranka ya daɗe, a rubuta awa nawa zai yi a wurin da kuɗin ƙarin lokaci, waƙa ko karatu nawa, wa zai kawo wuta, ranar miƙa aiki, da sau nawa za a iya mayar masa ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Farashin ya haɗa da tacewa da haɗa sauti, domin wannan aikin yakan fi ɗaukar kanta cin lokaci, kuma a nan aka fi samun saɓani. Kafin a ba da kafin-alƙalami, a saurari wani aikin da ya ɗauka a makaranta, ba na situdiyo ba.

Ku nemi kwafi iri biyu: WAV don ajiya, MP3 don rabawa. MP3 mai 128 kbps yana cin kusan megabait ɗaya a minti, iyaye za su iya saukewa ba tare da ƙona data ba. Ku karɓi ainihin layukan da ba a taɓa ba su ma, a kan filashi na makaranta.

A fayyace a rubuce cewa faifan mallakar makaranta ne, kuma ba zai ɗora muryar ɗalibi ko hotonsa a Facebook ko TikTok don tallar kansa ba sai da izini. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci amincewar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka a aika takarda gida a sa hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta bambanta haƙƙin faifai da haƙƙin waƙar kanta: idan ƙasidar ta wani sha'iri ce, sai an nemi izininsa kafin a sayar ko a ɗora a intanet. Tunda kuna Kano, in za a fitar da waƙoƙin kasuwa, ku tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha kafin a buga.