Wasiƙun Kakana: In Ajiye Ko In Ƙone?

Tambaya: Na tsinci wasiƙun ajami da kakana ya aiko daga Kumasi lokacin da yake fataucin goro. Shin suna da amfani? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Malam, don Allah kada ka ƙone su. Irin waɗannan wasiƙu kan ɗauki sunayen dangi, labarin haihuwa da rasuwa, har da basussukan da baki ya manta. Ai masana har yau suna dogara da wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi suka yi musaya wajen fahimtar saɓanin Sakkwato da Barno.

Nemi dattijon da ya iya ajami ya karanta maka tun yana raye, ka ɗauki hotonsu da waya, sannan ka nisanta su da danshi da gara. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, yana adana irinsu.