Zane biyu, lamba ɗaya: ina mafita?

Tambaya: Barista, bara na sayi bugun wani zane a wani gidan baje kolin zane-zane da ke Wuse 2 a Abuja, a kan naira 800,000. A ƙasan takardar an rubuta 12/50 da fensir, ga sa hannun mai zanen. An ce mini kwafi 50 kaɗai aka buga. Makon jiya na je barka Gwarinpa, sai ga irinsa sak a falon mutane, shi ma 12/50.

Amsa: Hajiya, sannu da wannan takaici. Ba takarda da tawada kika biya wa kuɗin nan ba. Kin biya ne saboda alkawarin cewa guda 50 ne a duniya, naki na 12. Masu irin wannan fasahar tunaninsu suke sayarwa, sau da yawa ma wani ne ke yi musu bugun, don haka lamba da sa hannu su ne darajar kayan.

Kafin ki ɗaga murya, ki koma gidan da kika je barka ki duba zanensu da kyau, ki ɗauki hoto. Mai zane kan ware wa kansa 'yan kwafi masu alamar A/P, waɗanda ba sa cikin lissafin. Wani kuma ya fitar da zane ɗaya a girma biyu, kowanne da nasa jerin lambobi. Ki auna faɗi da tsawo. In komai ya zo ɗaya, to ko dai ɗayansu jabu ne, ko an buga fiye da abin da aka faɗa.

Wanda ya karɓi kuɗinki shi ne abokin shari'arki, domin da shi kika ƙulla ciniki. Dokar sayar da kaya ta 1893, wadda har yau ake aiki da ita a Abuja, ta ce kayan da aka sayar bisa siffantawa dole su dace da siffar. In ba su dace ba, kina iya neman kuɗinki ko diyya. Sai dai shekara guda kayan na rataye a bangonki, lauyansu zai ce kin riga kin karɓa, saura diyya kawai. Kada ki ƙara jinkiri.

Ina rasit? Nan mutanenmu ke faɗuwa. In "zane guda ɗaya" kawai aka rubuta, aiki ya ƙaru. Ki tattara saƙonnin WhatsApp, shaidar tura kuɗi ta banki, da takardar shaidar inganci in an ba ki. Ki kuma tura wa mai zanen hotunan biyu. In shi ma cutarsa aka yi, kin samu babban shaida, shi kuma yana da nasa ƙorafin a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Ni da takardar lauya zan fara, a ba masu gidan baje kolin kwana 14. Ɗan kasuwar da ke cin abinci da sunansa ba ya son maganar jabu ta fita. In sun yi kunnen ƙashi, ki kai ƙorafi hukumar kare masu saye, FCCPC, ko sashen sulhu na Babbar Kotun Abuja, kafin shigar da ƙara. Batun 'yan sanda kuwa, zamba laifi ce a sashe na 320 na dokar hukunta laifuka ta Penal Code, amma sai an nuna da gangan aka yaudare ki, kuma ofishinsu ba wurin karɓo bashi ba ne.

Kada ki cire zanen daga firam, kada ki kuma ambaci sunan gidan baje kolin a Facebook tukuna, kar reshe ya juye da mujiya su maka ki a kotu kan ɓata suna.