Me yasa kira ke tsinkewa amma hoto na zuwa cif?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah idan muna waya da ƙanwata ta WhatsApp, ita tana wata ƙasa, sai murya ta dinga tsinkewa wasu kalmomin ma su ɓace gaba ɗaya, amma in hoto ta turo ko netwok ba kyau zai daɗe yana juyawa daga baya ya buɗe cif ba abinda ya ragu. Ba hanya ɗaya suke bi bane? Kuma wai da gaske ta tauraron ɗan Adam suke wucewa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Hanya ɗaya ce, dokar tafiyar ce ba ɗaya ba.

Duk abinda kika tura ta intanet, hoto ne ko murya ko rubutu, baya tafiya a dunƙule. Wayar ce ke daddatsa shi ƙanana ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, kuma galibi baya wuce bait 1,500 (bait ma'aunin girman bayanai ne, wajen dubunsa ne kilobait ɗaya), kinga hoto mai kilobait 300 zai kai fakiti 200 da ɗoriya. Kamar ki yaga littafi shafi shafi ne ki sa kowane shafi a ambulan ɗinsa, ki rubuta adireshi da lambar shafin a baya. Adireshin nan shi ake kira IP. A hanya akwai na'urori da ake ce wa rauta, aikinsu kawai su duba adireshi su miƙa fakitin ga ta gaba, ba ruwansu da abinda ke ciki, kuma in cunkoso ya yi yawa layi ya cika to zubar da wasu fakitin suke yi, haka tsarin yake tun asali.

To daga nan hoto da kira suka raba gari. Hoto yana bin ƙa'idar TCP, wadda masana kwamfuta Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da tsarinta a 1974. Ita bata yarda da asara, mai karɓa yana ta aiko da shaidar cewa na samu kaza na samu kaza, duk wanda ba'a ji labarinsa ba sai a sake turo shi, in sun iso a hargitse a jera su bisa lamba. Juyawar nan da kike gani har ranki ya ɓaci, sau da yawa aikin da ake yi kenan.

Shi kuwa kira galibi wata ƙa'idar ce daban mai suna UDP yake bi, ita turawa kawai take ta wuce, ba tambaya ba jira. Kuma ni a ganina masu tsarin sun yi daidai, don in aka ce sai an tsaya an nemo gutsuren muryar da ya ɓata daƙiƙa biyu da suka wuce, kafin ya iso ai ƙanwarki ta yi nisa a magana, me zai amfana miki? Gara a rasa kalma ɗaya hira ta ci gaba.

Batun tauraro kuma, mutane da yawa haka suka ɗauka amma sama da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta kebul ɗin ƙarƙashin teku suke bi. Daga wayarki zuwa eriya ne kawai ake amfani da iska, daga nan yawanci sai faiba, zaren gilashi siriri kamar gashin kai da haske ke gudu a ciki wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa. Taurarin sadarwa na asali suna nisan kilomita 35,786 ne, hawa da sauka kaɗai ya kusa kwatan daƙiƙa, a kira kuwa sai kin ji wannan jinkirin. Dogaron nan da kebul shi yasa a watan Maris 2024 da wasu kebul suka lalace a tekun Afirka ta Yamma ƙasashe da dama suka wayi gari intanet na jan ƙafa.

In kira ya fara tsinkewa ki kashe bidiyo ki bar murya kaɗai, ki tsayar da duk wani abu da wayar ke saukewa, in Wi-Fi ne ki matsa kusa da rautar.